Wayar kuloci da zafin bututun salansa: amsa ga mai tsohuwar Cortina

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da mota ƙirar Ford Cortina ta 1980 wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Bara manifol ɗinta na ƙarfen zubi, wato abin da ke tattara hayaƙi daga inji ya kai shi salansa, ya tsage, sai wani mai walda ya haɗa mini bututu huɗu, irin wanda ake kira heda, a madadinsa. Tun daga lokacin na canza wayar kuloci sau biyu, ta ukun ma ta fara tauri, musamman idan na shiga cunkoson Kwangila da tsakar rana. Tsakanin wayar da bututun bai fi faɗin yatsa biyu ba. Bakanikena ya ce a naɗe ta da igiyar asbestos a ɗaure da robar taya. Shin hakan zai magance matsalar? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kuma bar ka da wannan mota, domin Cortina ta 1980 tana cikin rukunin ƙarshe da kamfanin Ford ya ƙera kafin ya daina yin ta a 1982, kuma ba kowa ne ke da irinta tana tafiya da ƙafarta a yau ba. Shawarar bakanikenka ba za ta kai ka ko'ina ba, har ma tana da haɗari ga lafiyarka da tasa. Abin da ke ceton wayar kuloci daga zafin salansa shi ne tazara da iskar da ke ratsawa tsakani, naɗi kuwa shi ne mataki na ƙarshe, kuma shi ne mafi raunin duka matakan idan aka bar shi shi kaɗai.

Ya kamata ka fara sanin abin da ke ƙonewa, domin mutane da yawa suna ɗauka waya ƙarfe ce zalla. Idan ka yanka ɗaya daga cikin tsofaffin wayoyin da ka cire, za ka tarar da hawa huɗu. A can tsakiya akwai igiyar ƙarfe da aka murɗa daga siraran wayoyi, ita ce ke jan hannun kuloci. Tana zamewa ne a cikin wani siririn bututun roba mai santsi, shi kuma yana cikin murɗaɗɗen ƙarfe mai kama da sifirin, sannan a waje aka lulluɓe da baƙar roba don tare ruwa da ƙura. Ƙarfen bai damu da digiri 200 ko 300 a ma'aunin Selsiyos ba, amma robar waje, wadda galibi PVC ce, takan fara laushi tun kafin digiri 100. Bututun ciki idan na polietilin ne yana narkewa wajen digiri 130, idan na nailan ne wajen 220 zuwa 260, Teflon kuwa yana jure aiki har 260 kuma ba ya narkewa sai a 327. Tun kafin a kai ga narkewa, giris ɗin da ke ciki ya riga ya tsinke ya tsiyaye ko ya bushe ya zama danƙo. Wannan ne taurin da kake ji a ƙafarka a Kwangila. Daga nan igiyar ƙarfen takan ci bututun da ya yi laushi a daidai lanƙwasa, wasan feda, wato lilon da take yi kafin ta fara jan kuloci, ya ƙaru, giya ta fara ƙara idan za ka saka ribas, robar waje ta tsattsage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan Agusta ya biyo baya da tsatsa, wata rana kuma waya ta tsinke a inda ba ka so.

Dalilin da ya sa motar ta yi shekara arba'in ba ta cin waya sai bara ba ɓoyayye ba ne. Manifol na zubi gajere ne, mai kauri, a dunƙule yake jikin inji, kuma injiniyoyin da suka zana motar sun bi da wayar ta inda ba za ta kusance shi ba. Heda kuwa bututu huɗu ne dogaye, kaurin bangonsu bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, sun bazu sun cinye filin da a da iska ce kawai a cikinsa. Hayaƙin da ke fita daga injin fetur idan yana jan nauyi yana kai digiri 700 zuwa 900, siririn bututu kuma nan da nan yake ɗaukar wannan zafi, har fatarsa ta kai digiri 500 ko 600 a kusa da kan inji. Ba sai wayar ta taɓa bututun ba. Zafin da ke cin ta irin wanda ke dukan fuskarka ne idan ka tsaya gaban wutar maƙeri, wato hucin da ke tafiya a miƙe kamar haske, kuma ƙarfinsa yana hauhawa fiye da yadda hankali ke zato: bututun da ya tashi daga digiri 300 zuwa 600 hucinsa yana ninkuwa fiye da sau biyar, ba sau biyu ba. A kan hanyar Kaduna iskar gudu tana kwashe kaso mai yawa, shi ya sa ba ka jin komai. A cunkoso, a watan Afrilu da zafin Zariya ke kusantar digiri 40, babu mai kwashewa sai fankar lagireto, ita ma iska mai zafi take turowa. Lokacin da ya fi muni shi ne mintuna biyar zuwa goma bayan ka kashe inji, domin fanka ta tsaya, ƙarfe kuma yana ta amayar da abin da ya tara a ƙarƙashin rufaffen bonet.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka tabbatar cewa salansa ce mai laifin, don akwai wani ɓarawon da ke yin irin wannan ɓarna a ɗora wa wani. Shekarun baya an kawo mini wata mota da ta ci waya uku cikin wata biyu, mai ita kuma ya riga ya sa an naɗe bututun salansa tun daga sama har ƙasa. Da na duba tsohuwar wayar sai na ga robar ta kumbura tun daga kai har gindi, har da wuraren da ke nesa da kowane zafi. Na sa yaro ya murɗa makulli ina riƙe da wayar, cikin daƙiƙa kaɗan ta yi ɗumi a hannuna alhali inji na sanyi. Ashe wanda ya sauke giyabos a wani garejin ya manta bai mayar da kakkaurar wayar negetif da ke haɗa inji da bodi ba, wutar kik, wadda ke haura amfiya ɗari, ta rasa hanyar komawa batir sai ta wayar kuloci da ta totur. Tun da an taɓa injinka lokacin ɗaura heda, ka duba wannan waya, ka kankare tsatsar bakinta, ka ɗaure ta tamau. Alamar banbancewa mai sauƙi ce: ƙunar salansa tana gefe ɗaya ne, gefen da ke kallon bututu, kuma a wuri ɗaya, ƙunar wutar lantarki kuwa tana zagaye wayar kuma tana bin tsawonta.

Ka duba robobin da inji ke zaune a kansu, waɗanda makanikai ke kira injin sit. Idan sun lotsa ko sun yage, inji yana karkata duk lokacin da ka tashi a giya ɗaya, kuma yatsa biyun da ka auna mota na tsaye na iya zama babu komai idan tana tafiya. Ka sa wani ya ja birkin hannu, ya taka birki, ya saka giya ɗaya ya ɗan saki kuloci kaɗan, kai kuma kana tsaye a gefen mota, ba a gabanta ba, kana kallon yadda injin ke motsi. Sannan a kashe inji, ya riƙa taka feda yana saki kana kallon wayar, domin kubenta na waje yana motsi yana neman miƙewa a duk takawa, kuma sau da yawa wajen bututun yake nufa.

Yanzu ga ainihin aikin, wato canza wa wayar hanya. A nan nake son ka ɓata mafi yawan lokacinka, saboda kowace santimita da ka samu ta fi duk abin da za ka saya a shago. A ƙa'idar da nake aiki da ita, waya tsirara tana buƙatar santimita 10 zuwa 15 tsakaninta da bututun heda, idan kuma akwai garkuwa, wato fallen ƙarfe mai tare zafi, a tsakani, santimita 5 na iya wadatarwa. Yatsa biyu bai kai santimita 4 ba, ka ga kenan inda matsalar take. Ka fi son wayar ta bi ta gefen bututun ko ta ƙarƙashinsa a kan ta bi ta samansa, tun da iska mai zafi sama take tashi, kuma idan dole ne ta gitta shi, ta gitta kai tsaye ta wuce da sauri maimakon ta jera da shi tsawon taƙi guda tana shan huci. Ana janye ta ne da ɗan ƙarfen riƙo da za a ɗaure a jikin bodi ko a wani notin da ke nan tun asali, a saka ta cikin kilif mai faɗi wanda za ta iya ɗan zamewa a ciki. Kada a matse ta, kada kuma a ja ta ta miƙe tsaf, domin kanta ɗaya yana jikin bodi, ɗayan yana jikin giyabos da ke rawa tare da inji, kuma waya marar sassauci takan sa kuloci ya riƙa fizga wajen tashi. Lanƙwasar ta zama mai faɗi kamar bakin babban faranti, domin kaifin kwana yana kashe waya kamar yadda zafi ke kashe ta, kuma na sha ganin wanda ya gudu daga bututu ya faɗa wannan ramin.

Idan wayar asali ta gaza tsawo, ka nemi wadda ta fi ta, ko a wajen masu kayan gyara na Sabon Gari, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ka tafi da tsohuwar a hannunka. Abin da ake yawan kuskurewa shi ne a dubi tsawon waya gaba ɗaya kawai. Abin aunawa shi ne yawan igiyar ciki da ta fito waje fiye da kubenta. Ka ja igiyar ta ƙure gefe ɗaya ka auna abin da ya leƙo, sabuwar kuma ta ba ka wannan awo ɗin ko da kubenta ya fi tsawo da santimita 20, sannan kawunanta biyu su dace da feda da hannun kuloci. In ba haka ba za ka ƙure notin saiti kuloci bai kama ba, ko ya kama bai saki ba. Idan kuwa wani bututu guda ne ya tsaya a kan hanyar da babu makawa sai ta nan, mayar da motar wajen mai walda ya yanka wannan reshe ya kauda shi ya fi sauƙi a kan sayen waya duk wata huɗu.

Mataki na biyu shi ne garkuwa, kuma ita ce na fi yarda da ita bayan tazara. Fallen alminiyam ne kawai, wanda iyayenmu ke kira sanholo, mai kaurin kusan milimita ɗaya, a tsaye tsakanin bututu da waya ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Alminiyam mai sheƙi yana mayar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na hucin da ya dake shi, ɗan abin da ya shiga jikinsa kuma iskar da ke bi ta fuskokinsa biyu tana kwashewa. Sirrin yana cikin ratar: a bar santimita ɗaya zuwa biyu tsakaninsa da bututu, a bar kamar haka tsakaninsa da waya, a bar sama da ƙasa a buɗe don iska ta hau ta wuce kamar a bututun hayaƙi. Idan ya manne da bututu ya tashi daga garkuwa ya koma tanda, kuma alminiyam yana narkewa a digiri 660, wanda ba shi da nisa da zafin heda. Ka fara yanka siffar da kwali, ka gwada ta a wurin har ta rufe wayar gaba ɗaya daga ganin bututun, ta ɗan zarce da santimita 5 kowane gefe, sannan ka kai wa masu aikin kwano su yanka su naɗe bakinsa don kada kaifinsa ya yanki wayar. A ɗaure shi a jikin inji ko giyabos da noti biyu, ba ɗaya ba, don ya motsa tare da bututun kuma kada ya dame ka da ƙara. Zariya gari ne na maɗaba'u tun zamanin kamfanin Gaskiya, kuma tsofaffin farantan buga littafi na alminiyam ne, sai dai sirara ne ƙwarai, ba su wuce sulusin milimita ba. Na taɓa haɗa biyu da wosha a tsakaninsu, suka yi aiki fiye da falle guda mai kauri, domin iskar da ke tsakanin ma kariya ce. Kwanon rufi mai tutiya bai dace da kusa da heda ba, saboda tutiya tana narkewa a digiri 420 kuma hayaƙinta yana sa zazzaɓi. Kada a yi wa garkuwar fenti, kuma a riƙa goge ta, don ƙura da baƙin mai suna kashe sheƙin da shi ne dukan amfaninta.

Sai riga, wato bututun zaren gilashi mai fatar alminiyam a waje da ake zura waya a ciki. Tana da amfani idan ta zo a bayan tazara da garkuwa. Ka sayi wadda ta fi wayar faɗi sosai don iska ta zauna a ciki, ta zarce wurin zafin da santimita 10 kowane gefe, a ɗaure bakin sama da siririyar wayar ƙarfe, a bar na ƙasa a sake don ruwa ya fita. Abin ɗauri na roba da ake zugewa zai narke a makon farko. Akwai kuma mai jar fata ta silikon, wadda ke jure digiri 260 a kullum. Ta fi kyau a inda ake tsoron gogayya ko mai, amma wajen mayar da huci mai sheƙin ta fi ta. Abin da nake so ka fahimta game da duk wani naɗi shi ne jinkirta zafi yake yi, ba ya kore shi. Tafiya daga Tudun Wada zuwa Samaru na iya ƙarewa kafin zafin ya ratsa, amma bayan awa guda ciki da waje sun kusa zama ɗaya, kuma idan an kashe inji naɗin nan shi zai riƙe zafin a jikin wayar. Game da asbestos kuwa, ƙurarsa idan ta shiga huhu ba ta fita, tana haddasa ciwon daji bayan shekaru ashirin ko fiye, kuma ƙasashe da dama sun haramta shi, don haka kada ka bari yaran gareji su yanke shi saboda motarka. Robar taya kuma makamashi ce kawai aka ajiye kusa da wuta. Haka nan idan murfin saman inji yana yoyo, a gyara shi tukuna, domin zaren gilashin da ya sha baƙin mai lagwani ne.

Naɗe bututun kansa da ƙyallen zaren gilashi yana rage zafin ƙarƙashin bonet sosai, ban musa ba, amma ba na ba da shawararsa a kan heda da aka haɗa da baƙin ƙarfe na gama-gari. Ƙyallen yana tsare zafi a cikin ƙarfen fiye da yadda zai iya ɗauka, yana kuma shan ruwa da damina ya riƙe, sai bututun ya ruɓe a ɓoye ko ya tsage a bakin walda. Idan da ƙarfen da ba ya tsatsa aka yi shi, da sauƙi. Fentin salansa mai ruwan azurfa kuwa kwalliya ce da kariyar tsatsa, kada ka sa ran zai ceci waya.

Wani abin da ba a cika haɗa shi da wannan matsala ba shi ne saitin inji. Idan taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya yi baya, fetur yana ƙarasa ƙonewa ne a cikin bututu, haka kuma idan kafireto yana ba da mai kaɗan iska da yawa, wanda kan faru bayan an ɗaura heda ba a sake saiti ba. Ka buɗe bonet da dare a wuri mai duhu bayan tafiya: idan ka ga bututun ya yi ja alhali mota ba ta ja wani nauyi ba, to injin ne ke buƙatar gyara kafin komai.

Wayar da ke jikin motar yanzu ta riga ta cutu, kuma bututun cikin da ya yi laushi ba ya komawa daidai, saboda haka a saka sabuwa ranar da aka gama aikin. Kada a ɗura mata baƙin mai ko fetur da sunan laushi, domin yana kumbura wasu robobin yana kuma tara ƙura. Ɗan giris a kawunanta biyu ya isa. Wasu za su ce ka mayar da motar ta koma kuloci mai amfani da man birki irin na Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 kuma akasarin makanikanmu a kanta suka koyi aiki. Yana yiwuwa, amma aiki ne mai tsada da ke buƙatar huda bodi da sauya feda, kuma bai raba ka da zafi ba, tun da man birki samfurin DOT 3 yana tafasa a digiri 205 yana sabo, idan ya sha danshi kuma ya sauko wajen 140. Ni da zan samu lafiyayyen manifol na zubi a wajen masu tsofaffin kaya, da shi zan mayar, domin ƙarfin da heda ke ƙara wa injin da ba a taɓa cikinsa ba kaɗan ne, motar kuma za ta koma yadda mahaifinka ya san ta.

Idan an kammala, a saita wasan feda yadda littafin motar ya tanada, sannan ka gwada aikin da rana tsaka. Ka goga ɗan kyandir a bayan wayar a wurin da ya fi kusa da bututu, ka tafi har Giwa ka dawo ta Kwangila, ka kashe inji, ka bar bonet a rufe minti goma kafin ka buɗe. Kyandir yana narkewa wajen digiri 60, don haka idan ka tarar da shi yadda ka bar shi, wayarka tana cikin aminci. Idan ya narke amma ɗigon ruwa bai yi ƙara a jikinta ba, tana ƙasa da digiri 100, sai a ƙara faɗin garkuwa ko a sa riga. Idan ɗigon ya tafasa nan take, hanyar da aka bi da wayar ba ta yi ba, sai a sake janye ta. Ka maimaita wannan gwaji a watan Afrilu ko da an yi aikin da hunturu, ka kuma sake duba wasan feda bayan mako biyu, domin sabuwar waya takan ɗan saki.